Otal ɗin James Bond a Karlovy Vary: abin da na gani da idona

Jama'a tun da na ɗora hotunan nan ake ta tambayata wai da gaske otal ɗin fim ɗin James Bond ne, kuma nawa ne, kuma ya cancanci kuɗinsa? To bari in yi bayani gaba ɗaya in huta. Sunansa Grandhotel Pupp, yana garin Karlovy Vary a ƙasar Czech, kusan kilomita 130 yamma da Prague, mu dai bas muka hau ni da uwargida daga Prague ɗin, tafiyar awa biyu da 'yan mintuna. Tashar bas tana can ƙasan gari shi kuma otal ɗin yana ɗaya ƙarshen, inda kwarin ya tsuke a bakin kogin Teplá, don haka in kana da akwati kawai ka ɗau tasi kar ka ce za ka ja shi a kan duwatsun nan da suka shimfiɗa a titi.

Maganar fim tukuna tunda ita ta fi damun mutane. Eh shi ne. A Casino Royale na 2006, wanda Daniel Craig ya fara fitowa a Bond, shi aka nuna da sunan Hotel Splendide wai a ƙasar Montenegro, alhali nan Czech ne ba Montenegro ko kusa. Amma abin da da yawa ba su gane ba shi ne gidan cacar da aka nuna daga waje a fim ɗin ba otal ɗin ba ne, wani gini ne daban 'yan taku kaɗan daga ƙofar, tsohon gidan wanka na sarauta da suke kira Císařské lázně, wanda aka gyara aka sake buɗewa a 2023. Tashar jirgin ƙasan da Bond ya sauka ma ba tasha ba ce, rumfar shan ruwa ce ta cikin gari. A shekarar dai 2006 ɗin akwai Last Holiday na Queen Latifah, shi kam da ainihin sunan otal ɗin aka yi amfani, kuma uwargida saboda wannan ɗin ta matsa mu zo ba don Bond ba. Sai dai manyan duwatsun ƙanƙarar nan da ake sulu a kansu a fim ɗin kar ka sa rai, abin da ke kewaye da garin tuddai ne masu dazuzzuka, suna da kyau amma ba su ba ne.

Ni a ganina fim ɗin shi ne mafi ƙanƙantar abin da ke wajen. Minti goma ka gama hotuna a bakin ƙofa da wajen karɓar baƙi, shikenan Bond ya ƙare. Abin da kake biya wa kuɗi tsufa ne da natsuwa. Tarihin wurin daga 1701 ya faro da wani zauren taro da aka gina, daga baya wani mai yin kayan zaƙi, Johann Georg Pupp, ya zo garin a 1760, shi da zuriyarsa suka riƙa saye suna haɗewa har abin ya zama nasu, sannan siffar da ake gani yanzu wasu magina biyu daga Vienna, Fellner da Helmer, suka fitar da ita tsakanin 1896 zuwa 1907. Zamanin kwaminisanci gwamnati ta ƙwace shi har aka sauya masa suna zuwa Moskva, sai 1989 sunan Pupp ya dawo. Kana tafiya a barandar ciki kana jin wannan tsufan, rufi can sama, fitilun gilashi masu reto, madubai, kafet mai kauri da ba ka jin takun kowa. Ɗakinmu yana kallon kogi, kayan ɗakin irin na da ne ba irin na otal ɗin Dubai mai walƙiya ba, wanda yake son wancan salon wlh ba nan zai zo ba. Ni kuma shi ya burge ni, da asuba na buɗe taga ba abin da kake ji sai ruwa yana gudu.

Ma'aikata ba ruwansu da yawan dariya, haka mutanen ƙasar suke gaba ɗaya, amma duk abin da muka nema an yi mana cikin mutunci, kuma suna jin Turanci da Jamusanci. Karin safe kuwa sai wanda ya gani, burodi kala kala, ƙwai, cuku, kifi, 'ya'yan itace, zuma, mun ci mun ƙoshi ba tare da mun je kusa da ɓangaren nama ba. A nan zan ja kunnen 'yan uwa musulmi, abincin Czech alade ya yi masa yawa, kuma ko kek ne ka tambaya kafin ka kai baki saboda a Turai ana zuba giya a kayan zaƙi. Da na tambaya ba wanda ya yi min kallon banza, nuna min kawai aka yi wannan da wannan ka bari. Buta kuma ka taho da abarka ko ka nemi gorar ruwa, wannan duk Turai ne. Akwai mashaya da gidan caca a harabar, ba hanyarmu ba ce, ba kuma wanda ya tura mu can.

Yanzu ga ainihin dalilin da ya sa aka kafa garin ma, wato ruwan zafi. Sarki Charles na 4 ne ya ba wurin matsayin gari a 1370, sunansa garin ya ci, kuma a 2021 UNESCO ta sa shi cikin jerin manyan garuruwan ruwan magani na Turai. Wanda ya san Wikki a Yankari zai ɗauka irinsa ne, a shiga a yi iyo, to ba haka ba ne. Wikki ɗumi ne kawai wajen digiri 31, nan babban marmaron da suke kira Vřídlo ya haura digiri 70 kuma yana tsartuwa sama har kusan mita 12, tururi ko ina. Kuma su nan sha ake yi. Za ka sayi wani ɗan kofin tangaran mai hanci, hannun kofin shi ne bututun da kake zuƙa, sai ka bi rumfunan kana tara daga famfo zuwa famfo, kowanne an rubuta sunansa da zafinsa, kyauta ne ba ko sisi. Mafi girma cikin rumfunan ita ce Mlýnská kolonáda mai ginshiƙai 124, ita ce tashar jirgin Bond ɗin da na faɗa. Ɗanɗanon fa? Kamar an jiƙa kanwa da gishiri a tsohon bokitin ƙarfe an ɗora a wuta. Uwargida kurɓa ɗaya ta yi ta miƙo min kofin ta ce Malam kai ka ƙarasa tunda kai ka biya. Ni kam zuwa washegari na fara sabawa, har na gane wanda zafinsa ya fi yawa ya fi shiga. Amma kar a yi zari, ruwan yana sakin ciki sosai, masu zuwa jinya na gaske likita ne yake rubuta musu wanne za su sha da adadinsa, yawanci kafin cin abinci, saboda matsalolin ciki da narkewar abinci aka fi zuwa. Wani abin kuma, a al'ada maɓuɓɓuga 12 suke lissafawa, in ka ji ana tallan ta 13 to giyar garin ce Becherovka suke yi wa kirari, kar wani ya karɓa da sunan magani.

Abin da ya fi tsaya min shi ne yadda kowa ke tafiya a hankali. Tsofaffi da sanduna, mata da miji, Jamusawa, masu jin Rashanci, Larabawa jefi jefi, kowa da kofinsa yana kurɓa yana taku kamar ba shi da wani aiki a duniya, kuma wai tafiyar ma tana cikin maganin. Mu da muka saba da gudu gudu sai da jikina ya ɗan ɗauki lokaci kafin ya yarda. Daga rumfunan ka biyo bakin kogi ka dawo otal, gidaje masu fenti ruwan ƙwai da ruwan hoda a jere, kana cin oplatky, wani faifan biskit siriri mai faɗi da ake sayarwa da ɗuminsa, wannan kam uwargida ba ta miƙo min ba. A cikin otal ɗin akwai wajen wanka da tausa da ɗakin gumi, na yi tausa na ji daɗinta, ga mata kuma ku faɗa tun wajen yin rajista cewa mace kuke so ta yi muku.

Dab da otal ɗin ta wani lungu akwai ƙaramin jirgi mai hawa tudu da ke aiki tun 1912, 'yan mintuna ya kai ka hasumiyar Diana, daga can za ka ga garin duka a kwance cikin kwari. Ka hau da jirgi ka sauko da ƙafa ta cikin daji, hanyoyin duk an yi musu alama.

Kuɗi dai akwai shi, otal ne mai tauraro biyar, kuma farashi yana hawa yana sauka da lokaci shi ya sa ba zan rubuta adadi ba, ku duba da kanku. Kuɗin ƙasar koruna ne ba yuro ba duk da suna cikin Tarayyar Turai, bizar Schengen ce ke shigar da mutum. A guji farkon watan Yuli sai in bikin fina finai ka zo, wanda aka faro tun 1946, lokacin taurari ke cika otal ɗin kuma ɗaki ma wuya yake.

Wanda hoton Bond kawai yake so, ya zo da safe daga Prague, ya sha shayi a Café Pupp, ya ɗau hotonsa ya bi bas ɗin yamma, bai yi asarar komai ba. Wanda kuma ya gaji yake son ya kwanta ya huta shi da iyali, kuma aljihu zai ɗauka, to ya kama ɗakin da ke kallon kogi kuma kar ya yi kwana ɗaya tak, don ranar farko duk a ɗaukar hoto da yamutsa fuska wajen shan ruwa take ƙarewa. Mu dai in Allah ya kai mu za mu koma, amma da kaka, lokacin da ganyen dajin ya juya ja kuma mutane suka ragu.