A Ingila mai tangaran da kansa yake nuna maka tsagar farantinsa

Jama'ar Jos, abin da ya fi ɗaure kai a shagunan tsofaffin tangaran na Stoke-on-Trent, garin Ingila da ya yi suna wajen yin tangaran, shi ne, kafin ka taya, mai kaya ya miƙo maka tocila ya ce duba nan, an taɓa liƙe bakinsa, shi ya sa kuɗinsa ya sauka. A takardar farashi ma an rubuta aibin. Mu kuwa a kasuwar Terminus, babban yatsa ake ɗorawa a kan tsagar har ka biya.

Ga yadda suke dubawa. A ɗora farantin a tafin hannu a ƙwanƙwasa da farce: lafiyayye zai yi ƙara siririya kamar ƙararrawa, mai tsaga kuwa ƙararsa a dushe take. A ɗaga shi wajen haske. Irin wanda kusan rabinsa tokar ƙashin shanu ce, za ka ga inuwar yatsunka ta bayansa. Sai a kifa shi a karanta hatimin masu yinsa da ke ƙasansa. In akwai kalmar England, galibi daga 1891 ne zuwa gaba. Alamar rajista mai kusurwa huɗu kuwa tsakanin 1842 da 1883 aka yi amfani da ita.

Inda ake faɗawa rami shi ne zane mai ruɗin ido. Akwai na 'yan akwatuna jere, kowanne da fuska uku, fara, toka-toka da baƙa. Ka kalla ka ga sun kumburo, ka juya farantin ka ga sun lotsa, alhali a shafe yake. Dalili kuwa, ido ya saba haske daga sama yake zuwa, sai ya ɗauki duhun a matsayin inuwa. Yana da kyau matuƙa, amma siririyar tsaga takan bi baƙin layin ta ɓace. Kada ka yarda da idonka a nan. Shafa da farce, in ya maƙale akwai magana. Fitilar da ake gane jabun kuɗi da ita ma tana tona gyara, don sabon fenti dabam yake haskawa.

Ba komai ba ne daɗi. Ragin da za a yi maka bai taka kara ya karya ba, kuɗin aikowa gida kuma yakan fi na farantin.

Abin da ke ci mini rai shi ne jeren iyayenmu. Muna goge tangaran da soson ƙarfe da toka har ruwan zinarin bakinsa ya tafi, alhali ruwa mai ɗumi, sabulu kaɗan da tsumma mai laushi sun isa. Muna jibga faranti goma ba takarda a tsakani. Ga shi kuwa tsohon kaya kan yi daraja: tukwanen Ladi Kwali ta Suleja, wadda hotonta ke bayan naira 20, a gidajen gwanjon Landan ake rububinsu. Kafin ku ba 'yan gwangwan kayan kabad ɗin Hajiya, don Allah ku kifa kowanne ku duba hatiminsa.