Mai lesin ya riƙa biya masa ko a koma haɗa baƙi?

Hajiya kin ce yaronki ɗan shekara 14 yana JSS 2, in ya zo karatu sai ya kama harafin farko ya cinci sauran, kina tambaya ki ɗauko mai lesin ya riƙa biya masa littattafan ajinsu ko a mayar da shi haɗa baƙi.

In ana biya masa yana maimaitawa, gaskiya da wuri ake ganin sakamako, kwana kaɗan za ki ji yana zuba shafi guda ba gargada har ki fara murna, wataƙila ma ya ci jarabawar zangon. Amma hadda ce fa. Ki cire kalma ɗaya daga shafin ki rubuta a bayan kwalin shayi ki miƙa masa, nan za ki ga ya yi tsuru-tsuru yana sosa ƙeya, ga kuɗin lesin na tafiya duk wata.

Haɗa baƙi kuwa jan ƙafa gare shi, watannin farko kamar ba a komai, amma shi ne zai sa ya karanta kalmar da bai taɓa gani ba, kuma mu ai ba baƙon abu ba ne, ko a makarantar allo babbaƙu ake fara yi sannan farfaru. Ni shi zan zaɓa, kuma a fara da Hausa, don bokonmu yadda aka rubuta kusan haka ake faɗa, ba be bi bo bu, ka-su-wa, da wuri yake jin "ashe zan iya". Turanci harufa 26 ne amma sautinsa ya kai wajen 44, c ɗin cat daban na city daban, yaron da ya riga ya karaya in aka fara masa da nan ƙara rikicewa zai yi. Tsarin TaRL da ƙungiyar Pratham ta faro a Indiya ma haka yake, ba ruwansa da aji ko shekaru, a gwada yaro a ga harafi ya tsaya ko kalma sai a ɗauko daga nan.

Inda haɗa baƙi ke cin tuntuɓe shi ne kunya. Jolly Phonics, wato tsarin koyar da sautin harufan Turanci da waƙa, na da kyau amma waƙe-waƙen da tafin na 'yan firamare ne, saurayi da muryarsa ta fara buɗewa wallahi ba zai yi ba, balle a gaban ƙannensa. Ku shige ɗaki ku biyu, minti 15 zuwa 20 kullum, da abin da yake so, sunayen 'yan ƙwallo, saƙon WhatsApp, rubutun bayan adaidaita.

Dan Allah a fara duba masa ido da kunne a asibiti. In an daɗe ana yi yana ta juya b da d, a nemi malamin da ya san disleksiya, wato larurar da ke wahalar da koyon karatu, ba daƙiƙanci ba ne, kuma a hana 'yan gida kiransa dolo.