Facebook, Blogger, Wix ko WordPress: a ina ya kamata ka kafa shafinka?

Duk wanda ya ɗauki gina shafukan intanet sana'a ya saba da tambaya ɗaya: wanne ya fi? Mai kasuwanci yana neman inda zai baje kayansa, marubuci yana neman inda zai riƙa zuba rubutunsa, ƙungiya tana son a same ta idan an neme ta a Google, kuma kowa ya zo da sunayen da ya ji a bakin mutane: WordPress, Blogger, Wix, Shopify, ko kuma shawarar nan ta "ka buɗe shafi a Facebook kawai ka huta". Ni kafin in amsa sai na yi tawa tambayar: ranar da ka gaji da wurin, ko wurin ya gaji da kai, me za ka iya kwashewa ka tafi da shi? Kowanne daga cikinsu zai ba ka shafi mai kyan gani cikin yini guda. A ranar tashi ne bambancinsu yake fitowa, kuma da wannan ma'aunin zan auna su.

Shafukan sada zumunta su ne mafi sauƙi. Ba ka biyan komai, jama'a suna can tun kafin ka zo, kuma wayar hannunka ta isa. Wanda yake sayar da kaya kaɗan ta hanyar hira da masu saye zai iya daɗewa a haka ba tare da ya rasa wani abu ba, kuma ba na ganin laifinsa. Sai dai ya san cewa a gidan haya yake zaune, mai gidan kuma yana sauya doka ba tare da ya nemi shawararsa ba. Kamfanin ne yake zaɓar mutum nawa daga cikin mabiyanka za su ga abin da ka wallafa. Idan aka rufe maka asusu, ko aka sace shi, babu ƙofar da za ka buga ka ga ɗan Adam ya fito. Ranar 4 ga Oktoba 2021 Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke tare na kusan sa'o'i shida, duk wanda kasuwarsa take can gaba ɗaya ya wuni yana kallon waya. Wannan ma mai sauƙi ne, tunda sun dawo. Wasu kafafen sada zumuntar ba su dawo ba: Vine ya rufe a 2017, Google+ ya bi shi a 2019, kuma a wannan shekarar ce MySpace ta sanar da cewa waƙoƙi da hotunan da mutane suka ɗora tsawon shekaru sun salwanta wajen sauya na'urorin ajiya. Hotunanka da rubutunka kana iya saukewa daga Facebook, amma mabiyanka ba sa bin ka ko'ina. Ga kuma wata matsala da ba a cika lura da ita ba: rubutun da ka sha wahala a kansa bara ya nutse a ƙasa, mai nema ba zai same shi ba.

Saboda haka shawarata ba ta taɓa zama ka bar Facebook ko TikTok ba. Ka riƙe su domin kiran jama'a, amma ya zama akwai inda kake kiransu su zo.

Kafin mu kai ga wurin, akwai abin da ya fi shi muhimmanci, wato adireshin shafin, sunan nan mai ƙarewa da .com ko .org ko makamantansu. Ba sayensa ake yi har abada ba, rajistarsa ake yi shekara-shekara a wurin kamfanonin da ICANN, hukumar da ke kula da tsarin adiresoshin intanet, ta amince da su. Muddin adireshin yana hannunka, kana iya rushe shafin ka sake gina shi a wani wuri, masu ziyara ba za su ma san ka tashi ba. Idan kuwa ba ya hannunka, to duk sauran abin da muke tattaunawa ɓata baki ne. Wata mai ƙaramin kamfani ta taɓa zuwa wurina domin a gyara mata shafi. Da muka buɗe bayanan rajista sai muka tarar wanda ya gina mata shi tun farko da sunansa da imel ɗinsa ya yi rajistar, ya kuma daina ɗaukar waya. Adireshin yana kan katinta, yana kan allon ƙofar ofis, yana jikin motar kai kaya, amma ko waƙafi ba ta da ikon sauyawa a cikinsa. Ba mugunta ce ke kawo irin wannan ba kullum, sau da yawa gaggawa ce. Ko ma mene ne, kai ka buɗe asusun da kanka, da imel ɗin da kake dubawa, ka kunna sabuntawa ta atomatik, sannan ka ba mai aiki izinin shiga. Ka duba kuɗin sabuntawa tun kafin ka biya, domin na shekarar farko yawanci tayin jawo mai saye ne, na biyu shi ne na gaskiya. Kuma a bisa ƙa'ida ba a iya mayar da sabon adireshi zuwa wani kamfani sai bayan kwana 60.

Blogger tsoho ne a harkar. Kamfanin Pyra Labs ya fito da shi a 1999, Google ta saye shi a 2003. Ga wanda rubutu kaɗai ya kawo shi, har yanzu ina ganin darajarsa fiye da yadda abokan sana'ata suke gani. Kyauta ne, Google ce ke ɗauke da nauyin tsaro da masauki, wato na'urorin da shafin yake zaune a kansu, yana barinka ka haɗa adireshinka ba tare da ƙarin caji ba, AdSense kuma, tsarin Google na saka talla a shafi a biya mai shafin, a gida yake. Rubutunka kana iya sauke shi gaba ɗaya ka kai WordPress. Iyakarsa dai a kusa take: ba ya girma ya zama kanti, ko makaranta, ko wurin rajistar mambobi, kuma an daɗe ba a ga wani babban sabon abu a cikinsa ba. Ga wanda yake son gwada kansa ya ga ko zai iya jure rubutu mako bayan mako, babu wurin da ya fi shi sauƙin farawa.

Wix da Squarespace wani salo ne daban. Kana jan hoto da rubutu kana ajiyewa inda kake so, kana biyan kuɗin wata ko na shekara, su kuma suna kula da duk abin da ke bayan fage. Wix an kafa shi a 2006 a Isra'ila, kuma gaskiya mai ido ga kwalliya zai fitar da shafi mai kyau a can ba tare da ya san harafi ɗaya na lambobin kwamfuta ba. Ga likita, ko lauya, ko mai ɗaukar hoto da yake son shafuka biyar masu bayyana ko shi wane ne da yadda za a same shi, wannan ya wadatar, kuma zai yi barci da ido biyu rufe. Matsalar tana wurin da na ce zan auna. Shafin da aka gina a Wix a kan na'urorin Wix kaɗai yake aiki, ba a ɗaga shi a kai wani masauki. Jerin kaya da sunayen abokan hulɗa za su fita, amma ginin kansa sai an sake shi daga tushe. Ko samfurin zanen da ka fara da shi ba ya sauyuwa a tsakiyar tafiya sai ka buɗe sabon shafi. Squarespace ya ɗan fi sassauci, yana fitar da rubutu da wasu shafuka zuwa WordPress, amma ba duka ba. Tsarin kyauta na Wix kuwa yana liƙa tallansa a saman shafinka, sunansa kuma yana cikin adireshinka, abin da bai dace da mai neman a ɗauke shi da muhimmanci ba.

Sai WordPress, inda ya kamata a tsaya a yi bayani, domin abu biyu ne masu suna ɗaya kuma ruɗanin yana jawo asara. Akwai manhajar kanta, wadda Matt Mullenweg da Mike Little suka fara a 2003, ana sauke ta kyauta a WordPress.org, kowa yana da 'yancin girka ta a masaukin da ya ga dama. Akwai kuma WordPress.com, na kamfanin Automattic, wanda yake ba ka manhajar a masaukinsa da sharuɗɗansa. A tsarinsa na kyauta akwai talla, kuma ba ka saka ƙarin manhajoji, wato ƙananan manhajojin da ake ɗora wa WordPress domin su ƙara masa aiki. Idan ƙwararru suka ce "WordPress", na farkon suke nufi. Fiye da kashi 40 cikin 100 na shafukan duniya a kansa suke, kuma amfanin wannan yawan a wurinka shi ne duk matsalar da ka ci karo da ita wani ya riga ka, duk mai aikin da ya gudu akwai wanda zai ci gaba daga inda ya tsaya. Komai naka ne: fayiloli, rumbun bayanai, hotuna. Masauki ya ɓata maka rai, ka naɗe kayanka ka koma wani a dare ɗaya.

Amma 'yancin yana tafe da aiki, kuma a nan ne nake ganin ana yaudarar mutane. Ana ce musu kyauta ne, ba a gaya musu cewa kula yake so. Ka buɗe allon gudanarwa na shafin da aka yi wata shida ba a leƙa ba, za ka ga ɗan jan da'ira a gefen hagu ɗauke da lamba, yana nuna ƙarin manhajoji nawa ke jiran sabuntawa. Ta cikin waɗannan ƙananan manhajoji ne mafi yawan kutse yake shigowa, ba ta jikin WordPress ɗin ba. Mafi muni su ne samfuran zane na kuɗi da ake rabawa kyauta a shafukan sata, domin sau da yawa an dasa musu ƙofar baya, wato ɓoyayyiyar hanyar da masu kutse za su shigo ta ciki, tun kafin su iso gare ka. Wata rana sai ka tarar shafinka yana tura baƙi zuwa wurin caca, Google kuma ta rataya masa gargaɗi. Don haka duk mai zaɓar wannan hanya ya tambayi kansa da gaskiya: wa zai riƙa sabuntawa, wa zai riƙa ajiye kwafi, kuma ina kwafin yake zama? Idan amsar "babu kowa" ce, Wix ko Blogger sun fi masa alheri, kuma ina faɗin haka duk da cewa da WordPress nake aiki.

Wajen zaɓar masauki, arha ba ta ado. Ka tambaya ko suna ajiye kwafi kullum, da yadda ake dawo da shi, da kuma ko akwai mutum mai amsawa cikin dare. Makullin tsaro na HTTPS, wanda yake ɓoye bayanan da ke wucewa tsakanin shafi da mai ziyara, bai kamata ya zama abin ciniki ba: hukumar Let's Encrypt tana bayar da shi kyauta, kuma tun Yulin 2018 Chrome yake rubuta wa shafin da ba shi da shi cewa ba amintacce ba ne. Kamfanin da har yanzu yake sayar da shi dabam ya nuna maka halinsa.

Mai son kanti na sosai zaɓinsa biyu ne. Shopify, na ƙasar Kanada, tun 2006 yake wannan aiki kaɗai kuma ya iya shi, sai dai idan ba ka yi amfani da hanyar biyan kuɗinsa ba yana cire wani kaso a kowane ciniki, hanyar tasa kuma ba a kowace ƙasa take aiki ba. WooCommerce, manhajar kanti, yana hawa kan WordPress, ba ya cire kaso nasa, amma duk nauyin da na ambata yana wuyanka, ga kuma kuɗin mutane a ciki. Kafin ka kalli kwalliyar ko wanne, tabbatar wace hanyar biya masu sayenka suke amfani da ita, kuma ko tana shiga. Marubuci mai son aika rubutu ta imel zai iya duba Substack, wanda yake ɗaukar kashi 10 cikin 100 na kuɗin masu biya, amma yana barinka ka fita da jerin adireshin masu karatunka, abin da Facebook ba ya yi da mabiyanka.

Duk wanda ka zaɓa, ko kuma idan wani ka ɗauka ya gina maka, kada ka yanke hukunci a gaban babban allon kwamfuta. Yawancin baƙinka da waya za su zo, Google ma da fuskar waya take auna shafi. Ɗauki ƙaramar waya, kashe wayi-fayi, buɗe shafin da data, ka ga ko yana fitowa kafin ranka ya ɓaci. Hoto ɗaya da aka ɗora kai tsaye daga kyamara ba tare da an rage nauyinsa ba ya isa ya sa mutum ya juya. Idan da Hausa za ka yi rubutu, buga jimla mai ƙ da ɗ da ɓ a cikin samfurin, domin akwai salon haruffa masu kyau da suke mayar da su akwati ko su cusa wani harafi da bai dace da sauran ba. Sannan kafin ka biya ragowar kuɗin aiki, mai ginin ya zauna kusa da kai ka shiga da hannunka wuri uku: asusun adireshi, asusun masauki, da allon gudanarwa a matsayin babban mai iko. Ka sauya kalmomin sirrin a gabansa, ka sauke cikakken kwafin shafin zuwa kwamfutarka, ka buɗe shi ka tabbatar hotuna da rumbun bayanai duk suna ciki.