Kuɗin Kallo, Riga ko Littafi: Wanne Mai Son Ƙwallon Kwandon Mata Zai Fara Saya?

Tun da D'Tigress, ƙungiyar ƙwallon kwandon mata ta Najeriya, suka kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe a gasar Olamfik ta Paris a 2024, abin da babu wata ƙungiyar ƙwallon kwando daga Afirka, maza ko mata, da ta taɓa yi, mutane da yawa suka fara leƙa WNBA, gasar ƙwararrun 'yan ƙwallon kwandon mata ta Amurka. Wanda kuɗinsa bai kai ya sayi komai da komai ba dole ya zaɓa. Ma'aunina biyu ne: me za ka ƙaru da shi, kuma kuɗin naka zai kai ga matan da ke zubar da gumi a fili?

Tambaya ta biyun tana da dalili. An fara WNBA a 1997, 'yan wasa suka kafa ƙungiyar ƙwadagonsu a 1998, kuma tun 2016 Nneka Ogwumike, wadda iyayenta 'yan Najeriya ne, take shugabantarta. Yarjejeniyar da ƙungiyar ta ƙulla da gasar a 2020 ta kawo hutun haihuwa da cikakken albashi da ɗakin otal ga kowace 'yar wasa ita kaɗai. Duk da haka Caitlin Clark, wadda ta cika filaye da 'yan kallo a 2024, albashinta na shekarar dala 76,535 ne, alhali gasar ta ƙulla cinikin nuna wasanni na dala biliyan 2.2 na shekara 11. Shi ya sa a wasan taurari na Yulin 2025 a Indianapolis 'yan wasan suka fito da baƙaƙen riguna ɗauke da rubutun neman a biya su haƙƙinsu.

Biyan kuɗin kallo ta League Pass, tsarin WNBA na nuna wasanni ta intanet, shi ne abin da zuciya ta fi ja, amma ka duba agogo tukuna. Kakar wasa tana farawa ne a Mayu ta ƙare wajen Oktoba, kuma wasan da aka fara ƙarfe 7 na yamma a New York ƙarfe 12 na dare ne a Kano da Zinder. Na yammacin Amurka kuwa sai wajen ƙarfe 3. Ga cin data, ga matsalar wuta. Idan ba ka damu da kallon maimaici da safe ba, kuɗin bai tafi banza ba. In kuma ɗanɗanawa kawai kake so, taƙaitattun wasanni na YouTube sun isa ka gane ko abin ya kama ka.

Riga ba zan daɗe a kanta ba. Ta asali Nike ke yi, tana da tsada, ga kuɗin aikowa. Ta jabu da ake samu a kasuwa ko sisi ba ya zuwa hannun mai sunan da ke bayanta.

A wajen littafi ne nake ganin riba, kuma nan ma kala uku ne. Na farko tarihin rayuwa daga bakin 'yar wasa. Coming Home na Brittney Griner, wanda ya fito a 2024, shi zan ce a fara da shi. An kama ta a filin jirgin Mosko a Fabrairun 2022, aka yanke mata shekara 9, aka kai ta sansanin aikin fursunoni a Mordoviya, inda sai da ta yanke dogon gashinta saboda yana daskarewa in ta wanke shi. An sake ta a Disamba ta hanyar musayar fursunoni. Abin da ya kai ta Rasha tun farko shi ne kuɗi: ƙungiyar Yekaterinburg tana biyan ta ninkin-ba-ninkin abin da take samu a gida, don haka tana gama kakar Amurka sai ta wuce wata ba hutu. Duk gardamar albashi tana cikin wannan tafiyar.

Na biyu littafin tarihi, kamar Shattering the Glass na Pamela Grundy da Susan Shackelford. Ya fi dacewa da ɗalibi ko ɗan jarida; yana buƙatar haƙuri da Turanci mai ɗan ƙarfi.

Na uku ƙagaggen labari, kuma nan ne aka fi asarar kuɗi. Yawancin waɗanda ake tallatawa soyayya ce zalla, ƙwallon ado ne a bango. Ba laifi ba ne in abin da kake nema ke nan, sai dai iyaye su sani da dama an rubuta su ne don manya. Kafin ka biya, karanta babin gwaji da shagunan intanet ke bayarwa kyauta. Duba ko jarumar tana fargabar a sallame ta daga sansanin atisayen ƙungiya, ko tana lissafin kwantiragin Turkiyya ko Chaina, ko rauni a gwiwa yana taɓa aljihunta. In babu ko ɗaya cikin waɗannan, marubucin bai san sana'ar ba. Wanda ya sani yana iya nuna abin da 'yar wasa mai kwantiragi ba za ta iya faɗa da sunanta ba, kamar tsoron faɗa wa koci tana da ciki.

Mai karatu a Najeriya ba zai ji labarin nan baƙo ba. A 2021 D'Tigress da kansu sun fitar da bidiyo suna neman alawus ɗin da suke bi bashi, a 2022 kuma rikicin shugabanci ya sa gwamnati ta janye ƙasar daga wasannin duniya, Mali ta maye gurbinsu a gasar kofin duniya.

In kuɗin abu ɗaya gare ka, sayi littafin Griner, na lantarki ya fi sauƙi tunda babu kuɗin aikowa. Kuɗin kallo ya biyo baya idan Mayu ta matso. Ƙagaggen labari kuma sai wanda ya tsallake gwajin babin farko.