Dashen Na'urar Mazakuta: Zaɓi Bisa Matsalar da Ka Iya Biyo Bayan Tiyata

Mai fama da raunin mazakuta wanda ƙwayoyi da allurai suka kasa yi wa amfani, idan likitan mafitsara ya kawo masa maganar dashen na'ura, kuɗi yakan fara tambaya. A ganina ya kamata ya fara tambayar abin da zai faru idan aikin ya sami tangarɗa, domin a nan ne nau'o'in biyu suka sha bamban.

Na farko sanduna biyu ne masu lanƙwasuwa da ake sawa cikin gaba, irin su Genesis na kamfanin Coloplast da Tactra na Boston Scientific. Ba famfo ba ruwa, saboda haka da wuya su lalace, kuma sun fi araha. Aibinsu shi ne gaba yana zama da tauri dare da rana, wannan matsin kuma kan sa sanda ta huda fata ko hanyar fitsari, musamman ga wanda ya ji rauni a laka har ba ya jin zafin da zai ankarar da shi.

Na biyu mai famfo ne, wanda Dakta Brantley Scott ya fito da shi a Amurka a 1973, sanannunsa a yau su ne AMS 700 da Titan. Ana sa bututu biyu cikin gaba, famfon da ke cika su da ruwa cikin jakar maraina, ma'ajiyar ruwan gishiri kuma a ƙasan mara. Ya fi kama da halitta, sai dai bututu na iya yoyo bayan shekaru, gyaransa kuwa wata tiyatar ce.

Babban abin tsoro a dukkansu shi ne shigar ƙwayoyin cuta, domin da zarar sun kafu a jikin na'urar, shan magani kaɗai ba ya korarsu. Alamun su ne zafin da ke ƙaruwa maimakon raguwa, zazzaɓi, mugunya, ko famfo ya manne da fata. Shi ya sa ake lulluɓe AMS 700 da magungunan rifamfin da minosaikilin, Titan kuwa a tsoma ta cikin magani kafin a sa, mai ciwon suga kuma a buƙaci ya daidaita sugansa tukuna. Idan cutar ta shiga, zaɓi biyu ne: a cire a jira watanni, wanda kan bar tabo a ciki ya gajarta gaba, ko a bi hanyar da Dakta John Mulcahy ya bayyana a 1996, wato a cire, a wanke wurin sosai, a sa sabuwa nan take, sau da yawa mai sanduna.

Masu sikila da miƙewar gaba ta tsawon kwanaki ta bar wa tabo, aikinsu ya fi wuya, kuma haɗarin huda gefe yayin buɗa wa na'urar hanya a cikin gaba ya fi yawa, don haka likitoci kan fara musu da sanduna.

Wanda zai tafi Indiya ko Masar yin wannan tiyata ya nemi sanin likitan da zai duba shi a gida idan zazzaɓi ya taso bayan ya dawo, ya kuma karɓi takardar da ke ɗauke da sunan na'urar da girmanta kafin a sallame shi.