Wanke Gawayin Tace Ruwa: Da Ruwan Famfo Ko Da Tacaccen Ruwa?

'Yan'uwa masu kiwon kifin teku a tankin gilashi a nan Jidda sun sha tambayata da wane ruwa ya kamata su wanke gawayin tacewa kafin su saka shi, shin ruwan famfo ko tacaccen ruwa, wato wanda ya bi ta na'urar RO mai cire gishiri da sauran abubuwan da suka narke a ruwa. Wankin dai wajibi ne, domin baƙar ƙurar sabon gawayi tana gurɓata ruwa, tana kwanciya a kan murjani, kuma ana danganta ta da ciwon da ke zaizaye fatar kan wasu kifaye.

Ruwan famfo ya fi araha da sauƙi, kuma ƙarfin zubowarsa yana fitar da ƙura da wuri. Damuwata ita ce hanyar da yake bi. Yawancin ruwan Jidda daga Bahar Maliya ake tace shi, a zuba masa kulorin, sannan ya kwana a tankin gida, ya ratsa bututu. Gawayi kuwa aikinsa tsotsa ne, saboda haka zai fara kashe ƙarfinsa tun a wurin wanki, kuma ragowar ruwan da ya maƙale a ramukansa cikin tankin kifi zai ƙare.

Tacaccen ruwa yana cin kuɗi da lokaci, amma kusan ba ya shigo da komai. Ko da wanne aka wanke, kada a cuɗa gawayin, domin cuɗawa sabuwar ƙura take haifarwa. A bar ruwa ya ratsa shi har ya fito garau.

Mai kiwon kifi zalla, ruwan famfo ya wadatar masa idan ya tsane gawayin sosai. Mai murjani, musamman a ƙaramin tanki, tacaccen ruwa ya fi dacewa da shi.