Hoton Baba da ya fito kore: saƙo daga Nima

Yaya, ina gaisuwa. Da fatan kowa yana lafiya, Inna kuma Allah ya ƙara mata sauƙi. Mu nan unguwar Nima ta Accra sai godiya, ruwa ne kawai ya ƙi ɗaukewa.

Na ga hoton Baba da ka turo ta WhatsApp, wanda ka wanke a shago ya fito kore-kore kamar an tsoma shi a miyar kuka. Ka ce in duba maka ko a Accra akwai firintar da za ka saya ka huta. Mutanen zango dai Ankara suke ce wa garin, ni ma bakina ya kama. Na zaga, ga abin da idona ya gani.

Kada ka ɗauka shagunan nan sun fi namu kayan aiki. Maƙwabtanmu ne Accra New Town, unguwar masu ɗab'i, kuma abin da na fi gani a teburin ƙananan masu hoto shi ne irin taka, Epson L805, ko yayarta L1800 mai cin babbar takarda. Tawada shida ce a ciki, amma baƙa guda ɗaya tak. To hoton baƙi da fari kusan duka toka-toka ne, ita kuma firintar ba ta da tawadar toka, sai ta haɗa shuɗi da ruwan hoda da rawaya ta ƙago tokar. Ɗaya ya ɗan rinjayi 'yan uwansa, shi ke nan, fuska ta koma kore. Abin haushin ma, haɗin yana sauya kama da hasken da aka duba shi: a cikin shago ka ga ya yi daidai, mai hoto ya fita rana ya dawo yana faɗa. Ba hannunka ba ne, Yaya. Su ma nan haka suke fama.

Inda suka sha gabanmu wuri ne ƙalilan, masu yi wa 'yan baje kolin hotuna aiki. Garin yana da tsohon tarihi a sana'ar, nan ne mai ɗaukar hoto James Barnor ya buɗe situdiyonsa Ever Young a Jamestown tun shekarun 1950, don haka akwai masu biyan kuɗi a fitar musu da baƙi da fari na gaske. Na je ɗaya daga cikin wuraren da hoton Baba a filashi. Epson P900 suke da ita, ta 2020, tawada goma. Kowane hoto tana yi masa aiki da baƙa da toka da toka mai haske, tsarin da Epson ya shigo da shi tun 2005 da tawadar K3. Tawadar kuma ta garin launi ce, ba rini ba irin tamu. Garin baƙin na gawayi ne, shi ya sa in aka bar shi shi kaɗai yakan ja zuwa ruwan ƙasa. Wannan suke kira ɗumi. In ana son toka zalla, wadda ba ta karkata ko'ina ba, sai injin ya yayyafa ɗan shuɗi da ɗan ruwan hoda su kashe jan. Ka ga bambancin: mu launi ne ke gina tokar, su launi gishiri ne kawai a kai.

Yaron da ke kan kwamfutar ɗan Mamobi ne, Hausarsa irin ta zango, ba ruwansa da mace ko namiji a magana. Ya buɗe wurin da ake kira ABW, sashen baƙi da fari na manhajar firintar, ya hana Photoshop taɓa launi ya bar wa firintar. Zaɓi huɗu ne a ciki: tsaka-tsaki, sanyi, ɗumi da sefiya (ruwan ƙasa irin na tsofaffin hotuna), sai wani da'ira da ake matsa ɗigo a cikinsa da lamba biyu, ta kwance da ta tsaye. Bai tambaye ni wanne nake so ba. Ya yanko fuskar Baba da gefen rawaninsa, ya buga sau huɗu a jere a kan takarda ɗaya, ya ce, “Maigida, je ka dawo gobe, tawada bai zauna ba.”

Washegari muka fito bakin ƙofa da takardar. Na sanyin ya mayar da Baba kamar mai jinya, leɓensa ya yi shuɗi-shuɗi. Sefiyar ta yi yawa, rawanin ya koma kamar wanda ya kwana a harmatan ba a wanke ba. Tsaka-tsakin ya fito da farin rawanin tas, amma fuskar ta bushe. Sai ya matsa ɗigon kaɗan daga tsakiya zuwa ɓangaren ɗumi, bai kai rabin hanya ba, ya sake bugawa. Wallahi Yaya na ga Baba. Har tsagen da ke kumatunsa da hasken goshinsa bayan alwala. Ni dai a ganina baƙar fata ɗan ɗumi take so, ƙanƙani, wanda mai kallo ba zai ce ga launi ba. Muka shiga ciki ƙarƙashin ƙwan lantarki, hoton bai sauya ba.

Wannan gwajin shi ne abin da ba mu yi a gida. Mu a buga, a miƙa, a karɓi kuɗi. Nan kuɗin gwajin yana cikin kuɗin aiki, kuma suna rubuta lambobin a bayan takardar don in ka dawo baɗi a fitar maka da irinsa.

Sai takarda, wadda ban taɓa ba ta muhimmanci ba. Mai ƙyallin nan da muke saye a kwali an sa mata sinadarin ƙara fari, shi ya sa take ɗaukar ido da shuɗi-shuɗi, kuma sinadarin yakan mutu da shekaru takardar ta dushe. Ka buga ɗumi a kanta, inuwa ta yi ruwan ƙasa, rawani ya yi shuɗi, hoto ya rabu biyu. Na Baba a kan ta auduga aka buga, Hahnemühle Photo Rag mai nauyin giram 308 a murabba'in mita, farinta kamar na madara. Tsada kam ba a magana, daga Jamus take zuwa, kuma in ta ƙare sai a jira.

Kada ka ce komai na nan zuma ne. Wani shago ya sayar mini da tawada a kwalin asali, ashe ɗuri ce, ta toshe kan firintar maigidana muka yi kwana uku muna wanki. Na koma, mai shagon ya ce ba a mayar da kayan da aka buɗe. A Kano da na kai ƙara wurin shugaban layi an sasanta. Ga laima: takarda na lanƙwashewa, hoto na daɗewa bai bushe ba. Biyan kuɗi ne dai da sauƙi, ko mai kokon bakin titi tana karɓar MoMo, wato kuɗi ta waya.

Shawarata, kada ka sayi P900. Tawadar gari ba ta son zama, in ta yi makonni ba aiki kan yakan toshe, balle a bushewa da ƙurar Kano, kuma masu neman baƙi da fari a shagonka ba su kai su ciyar da kwalabe goma ba. In dole sai ka sauya, duba L8180, tana da tawadar toka guda ɗaya a tanki, za ta rage maka koren sosai. Kafin nan, a taka ɗin, ka daina neman tsaka-tsaki. Ka ba hoton ɗan ruwan ƙasa da gangan a Photoshop, don ido yana yafe wa ɗumi abin da ba ya yafe wa kore, sannan ka buga ƙanana ka duba a rana da cikin ɗaki.

Na Baba na sa an yi guda biyu, ɗaya na ɗakin Inna, ɗaya naka. Suna cikin kwali mai tauri, ban sa gilashi ba saboda hanya. Zan ba masu zuwa gida ƙarshen wata. Ka sake ɗauko mini na Kaka da sikana, kada ka turo ta WhatsApp a matsayin hoto don yana matse shi, ka turo a matsayin fayil.

Ƙaninka.